Cokalin Baba

"Cokali! Ku miƙo min cokali!"

Muryar Baba ce ta tsaga falon. Auta ta saki tiren shayi daga bakin ƙofa, kofuna suka tarwatse. A tsakanin kujera da tebur saurayinta ne kwance, jikinsa ya sandare, sannan ya shiga fizga, dugadugansa suna dukan ƙafar tebur.

Ko minti biyar ba a yi ba yana zaune a ladabce, yana amsa tambayoyin Baba da muryar nan tasa da kowa ya sani, wadda ke karanta labaran safe a rediyo. Mai Labarai ake ce masa. Yau ne karo na farko da ya tako gidan don iyayenta su gan shi.

"Baba, a'a!" Ta zube a gefensa. "Kar a sa masa komai a baki! A juya shi gefe kawai, shi ya faɗa min..."

"Ke matsa can! So kike ya haɗiye harshensa?"

Baba tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin a kan titi. Ya tsamo mutane daga haɗarin da ba ya ƙirguwa, shi kansa akwai dogon tabon ɗinki a ƙarƙashin haɓarsa. Mutum ne da bai iya tsayawa kallo ba. Ya tsinci cokalin shayi a cikin fasassun kofuna, ya danne kafaɗar saurayin, ya nemi kafa tsakanin haƙoran da suka datse. Ya cusa. Ya murɗa da ƙarfin hannun da ya saba da sitiyari.

Wani abu ya ce ƙas.

Sai jini.

"Innalillahi!" in ji Mama daga bayan labule, hannu a ka. "Auta, taso! Farfaɗiya ce! Kar yawunsa ya taɓa ki, ki taso na ce!"

Auta ba ta taso ba. Ta zare cokalin ta jefar, ta ture teburin, ta naɗe mayafinta ta tura ƙarƙashin kansa, ta juya shi gefe yadda ya koya mata. A hankali fizgar ta lafa. Ya buɗe ido, ya dube ta, ya dubi Baba, ya dubi jinin da ya ɓata farar rigarsa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri.

Abin da ya fito ba magana ba ce.

A daidai lokacin aka banko ƙofa. Mai Kemis ne, wanda shagon maganinsa ke bakin layinsu, mutumin da shekara guda ke nan yana neman auren Auta tana kauce masa, Mama kuwa tana yi masa shimfiɗa.

"Na ji ihu. Baba, a ɗauko shi, ga motata a waje."

Ko a cikin ruɗu, Auta ta ji daɗin ganinsa. "Allah ya saka da alheri," ta ce, kuma har zuciyarta ta faɗa.

* * *

A sashen gaggawa wani matashin likita ya yi wa harshen ɗinki huɗu, ya ce a bar shi ya huta. Yayar Mai Labarai, wadda ta rene shi tun rasuwar iyayensu, ta zo ta tafi da shi gida.

Da la'asar aka zauna wa Auta.

"Tun yaushe kika sani?" Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Tun farko, Baba. Bai ɓoye min ba. Shekara biyar rabon da ta tashi masa, yana shan magani kullum..."

"Bai ɓoye miki ba, ke kika ɓoye mana."

"Tsoro na ji kar ku ƙi shi tun kafin ku gan shi."

Mama ta fashe da kuka. "Ni na haife ki, ni kika yi wa haka? Gobe kina girki ya faɗi, kina goyo ya faɗi, wa zai tare ki? 'Ya'yan fa? Ki dube ni, Auta. Me na yi miki da za ki ɗauko wa kanki jinya tun kafin ki shiga ɗaki? Ga mutum nan lafiyayye, da sana'arsa, da kunyarsa, yau ma kin ga abin da ya yi."

Mai Kemis yana gefe, ya sunkuyar da kai kamar yabon ya yi masa nauyi. "Mama, ai ba komai. Ni dama na san da ciwon. Wata biyu ke nan a wurina yake sayen maganinsa in ya zo zance. Amanar sana'a ce ta rufe min baki."

"Kin ji ko? Mai riƙon amana."

Baba ya miƙe. "Magana ta ƙare. Kada in sake jin sunan yaron nan a gidana. Ba na ƙinsa, Allah ya ba shi lafiya. Amma ba da 'yata ba."

Mama ta tattara fasassun kofuna da matashin kujera da cokalin, ta ƙulle a leda, ta kai bola da kanta.

* * *

Kwana huɗu bayan nan, Auta tana aji tana koya wa ƙananan ɗalibanta haruffa, wayarta ta yi ƙara. Yayar ce.

"Ɗinkin ya ɓalle. Ƙanwata, gefen harshen ya rabe biyu, wani ɓangare reto yake yi. Ni kaina ya ɗaure."

Tun daga ranar, da an tashi daga makaranta, Auta sai babban asibiti. A gida ta ce darasin yamma aka ƙara mata.

Matashin likitan ya duba, ya girgiza kai. "Harshe ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa zaren ya tsinke. Wannan ya fi ƙarfina, sai ƙwararre." Ya tura su wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Suka yi yini biyu a layi. Wannan ya haska tocila, ya ce zai iya, amma jerin masu jiran tiyatarsa ya kai sati shida. Ya tura su wurin likitan gyaran fata da tabo. Shi kuma ya yi tafiya, sai wata mai zuwa.

Likitan ƙwaƙwalwa mutumin kirki ne, ya ba su lokaci sosai. "Ka tsallake magani ne?"

Mai Labarai ya ciro ɗan littafin da ya zama bakinsa, ya rubuta: "Ko rana ɗaya."

"Abin mamaki," in ji likitan. Ya rubuta masa maganin 'yan makonni daga ɗakin maganin asibitin. "Ciwon zan kula da shi. Amma harshen, ni ba na riƙe allura da zare. Kada dai a daɗe. In ya warke a haka, a haka zai zauna."

A hanyar fita wata nas mai tura keken marasa lafiya ta ce musu, "Ku gwada sashen haƙori mana."

Yayar ta yi tsaki bayan ta wuce. "Ji min mata. Mun ce harshe, ta ce haƙori. Haka suke yi in suna son su rabu da kai."

Auta dai abin ya tsaya mata a rai. Da yamma ta tsaya a shagon Mai Kemis, tunda shi ma ɗan hannu ne a harkar, kuma ta ga alherinsa. Ya yi dariya har da dafa kanta.

"Sashen haƙori? Haba Malama. Can cirewa suke yi da cikewa. Kada ki ɓata ƙafarki. Ki jira wanda ya yi tafiyar, ai wata ɗaya kamar yau ne."

Ta gode masa, ta wuce.

Wata ɗayan ne babu. Shugaban gidan rediyon ya aiko cewa in ƙarshen wata ya yi Mai Labarai bai dawo ba, za a ba wani kujerarsa.

Rana ta tara da faruwar abin suka zauna a kan benci a ƙarƙashin bishiyar asibitin, yayar ta tafi neman ruwa. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, kwana da kwanaki ba abin da ke wucewa sai ruwa-ruwa. Ya rubuta, ya miƙo mata.

"Ki daina zuwa."

"Ban ji ba," in ji ta. "Rubutunka ba ya karantuwa."

Ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe. "Malama, ki bi maganar iyayenki. Muryar kika so, ta tafi."

Hawaye suka zubo mata. "Wa ya ce maka muryar na so? Ranar da ka zo makarantarmu ɗaukar hira, mura kake yi, muryarka kamar ta kwaɗo. Ka tsuguna ka ɗaure wa yarinya igiyar takalmi ba ka san ina kallo ba. Tun ranar ne. In kana so ka kore ni, ka faɗa da bakinka."

Ya dube ta. Ya yi ƙoƙari, har jijiyar wuyansa ta tashi. "Ma...ya...ma."

Ya runtse ido don kunya. Mutumin da ke karanta sunayen ƙasashen duniya ba tuntuɓe, yau ya kasa cewa Malama.

"Ka gani?" Ta share fuska da bayan hannu. "Ba ka iya korata ba. To sai ka haƙura da ni har ka warke. In ka warke ka kore ni da kyakkyawar Hausa, zan tafi."

Ya yi dariya, dariyar ta ja masa zafi, ya dafe kunci. Ya rubuta: "Na gode." Ya ja layi uku a ƙarƙashi.

* * *

Washegari da safe Baba yana zaune a tsakar gida, rediyonsa a cinya, kamar kullum. Shekara uku ke nan ba ya karyawa sai ya ji labaran ƙarfe bakwai, tun kafin ya san mai karantawar zai zo neman 'yarsa. Yanzu wata sabuwar murya ce, tana cin tuntuɓe a kowane layi.

"Wannan kamar yana tauna tsakuwa," in ji Baba. Ya kashe.

Mama ta fito daga ɗaki fuska a murtuke. "To ga wani labarin da ba a rediyo ba. 'Yarka ba darasin yamma take ba. Asibiti take yini da yaron nan. Mai Kemis ne ya ga abin ya yi yawa ya faɗa min."

Auta ta ajiye jakar makaranta, ta durƙusa a gaban Baba.

"Gaskiya ne. Na yi ƙarya, a yafe min."

"Na hana, kin yi."

"Ka hana aure, Baba, kuma ban ce a ɗaura ba. Wallahi in ka ce in bar shi har abada zan bar shi, ko zan mutu. Amma ba zan iya barinsa a haka ba. Ɗinkin ya ɓalle tun kwana shida. Harshen ya rabe. Mun zaga likita huɗu, kowa ya tura mu gaba. In wata ya ƙare aikinsa ya tafi, in harshen ya warke a haka maganarsa ta tafi. Da ƙafarsa ya shigo gidan nan, da muryarsa ya gaishe ka..."

"Ciwonsa ne ya jawo masa," in ji Mama.

"Ciwonsa ya kayar da shi, Mama. Amma ba ciwon ne ya ɗauki cokali ba."

Auta ta toshe bakinta da hannu. Ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba tunda aka haife ta.

Baba bai dube ta ba. Rediyon yake kallo. Can ya ɗaga hannu a hankali ya shafa tabon da ke ƙarƙashin haɓarsa, daga wannan kunne zuwa tsakiya.

"Ɗinkin ya ɓalle, kuma ba wanda ya gaya min?"

"Ka ce kar a ambaci sunansa."

"Wane sashe kuka je?"

Ta lissafa masa.

"Sashen haƙori fa?"

"An ce can cirewa kawai suke yi."

"Wane jahili ne ya ce?" Ya miƙe tsaye, rediyon ya kusa faɗuwa. "Shekara goma sha takwas da suka wuce motata ta ƙwace a gangara, muƙamuƙina ya karye gida uku, harshena ya tsage. Kina 'yar shekara shida. Kin tuna lokacin da na yi sati shida ba na magana, ina shan abinci da tsinken roba?"

Ta tuna. Ta ɗauka fushi yake yi da su.

"Wa kike zato ya haɗa ni? A can ne, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe. Kira yayarsa. Ki ce su same mu a bakin asibiti."

"Malam!" in ji Mama. "Ina za ka?"

"Zan je in gyara ɓarnar da na yi. Maganar aure tana nan inda na ajiye ta. Miƙo min hulata."

* * *

Sau nawa Auta ta wuce ginin nan a kwana goma? Babban allo ne a gaba, an rubuta Sashen Haƙori, da zanen haƙori yana murmushi. Sai da suka hau bene, suka wuce masu dafe da kunci, suka kai ƙarshen baranda, sannan ta ga ƙaramin allo a jikin wata ƙofa: Tiyatar Baki da Muƙamuƙi da Fuska.

Likitar 'yar gajeruwar dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya da igiya. Ta ɗago daga fayil, ta ƙura wa Baba ido, sai ta kama haɓarsa ta juya gefe kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Wannan ɗinkina ne. Direba! Kana nan da rai? Har yanzu kana tauna ƙashi bayan na hana ka?"

"Likita, sai dai mai laushi."

"Ƙarya kake. Me ka kawo min?"

Ta kwantar da Mai Labarai a doguwar kujera, ta jawo fitila, ta sa safar hannu. Ta daɗe tana dubawa, tana taɓa nan, tana cewa ya ɗaga, ya karkata. Auta ta riƙe hannun yayar har yatsunsu suka yi zafi.

"Cizon farfaɗiya na sani," in ji likitar. "Yawanci a gefe yake, kuma da yawa suna warkewa da kansu. Amma wannan yankan ya zarce, ga haƙori ya ɓantare. Ƙarfe ya shiga bakin nan. Wa ya sa masa cokali?"

Mai Labarai ya lalubo littafinsa da sauri, ya rubuta, ya miƙa mata. Ta sa tabarau ta karanta a fili: "Ni na ciji kaina. Ba laifin kowa."

Baba ya dubi takardar. Ya dubi yaron da ya kora daga gidansa.

"Ni ne, Likita," ya ce. "Yarinyar nan ta hana ni, na ture ta. Na ɗauka ceto nake yi."

Likitar ta cire tabarau. "Kai da rabin garin nan. Direba, ba a taɓa yin mutumin da ya haɗiye harshensa ba, a ɗaure yake. A kawar da abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, a duba agogo. Shi ke nan. Kuma tun kafin ka tambaya, ba a ɗaukarta a yawu. Shekara talatin hannuna yana cikin bakin mutane, ga ni."

"Zai yi magana?" Auta ce ta tambaya, da ƙyar.

"Ke ce wa?"

Auta ta saci kallon Baba.

"'Yata ce," in ji Baba. "Ita ta yi ta yawo da shi."

"To 'yarka ta kawo shi a kan gaɓa. Da an ƙara sati, da aikin ya yi wuya. Gobe da safe zan shiga da shi. Zan gyara bakin ciwon, in ɗinke naman ciki tukuna, sannan na waje, da zaren da ke narkewa da kansa. Na farkon sama kawai aka kama, shi ya sa ya saki. Ban yi alkawari ba, amma na ga waɗanda suka fi wannan." Ta nuna Baba da alƙalami. "Ga ɗaya nan, har surutu ya yi masa yawa."

Yayar ta durƙushe a wurin tana kuka tana godiya, har sai da likitar ta ce ta tashi kar ta jiƙa mata ƙasa.

A hanyar sauka suka yi kiciɓis da nas ɗin nan mai tura keke. Yayar ta tare ta, ta kama hannunta biyu. "Baiwar Allah, ki yafe min. Kin nuna mana hanya na yi miki tsaki."

Nas ɗin ta yi dariya. "Ai na ji tsakin. Mun saba."

* * *

Aikin ya ɗauki awa ɗaya da rabi. Baba bai zauna ba, ya auna barandar da ƙafa ya fi sau ɗari. Bayan nan aka shiga sati biyu na kurkure baki da ruwan gishiri, da abinci mai sanyi, da dokar rufe baki. Baba bai sake ambaton aure ba, amma kullum in Auta ta dawo sai ya tambaya, yana kallon wani wuri, "Kumburin ya sauka?"

Mama ba ta sauko ba. Sai dai ranar da Baba ya maimaita mata maganar likita kan yawu, ta ce, "To ni kofunana sun tafi a banza ke nan."

Saura kwana uku wata ya ƙare suka koma. Likitar ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce, "Ya kama. Yi magana in ji."

Mai Labarai ya haɗiye yawu. Ya kasa. Tsoro ne ƙarara a idonsa.

Baba ya zaro jarida daga aljihun rigarsa, da alama tun daga gida ya shirya. Ya buɗe, ya dangwara masa a cinya. "Karanta min nan. Kwana ashirin da wani abu ban ji labarai na kirki ba."

Ya riƙe jaridar. Ya gyara zama yadda yake yi a gaban na'ura. Ya ja numfashi.

"Jama'a, barkanmu da safiya. Ga labaran..."

A hankali ta fito, da ɗan nauyi a gefe ɗaya, kamar mai tafiya da sabon takalmi. Amma ita ce. Kowane harafi ya zauna a mazauninsa. Ya karanta layi ɗaya, ya karanta na biyu, a na uku muryar ta saki jiki ta cika ɗakin.

Auta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Alhamdulillahi kawai take iya maimaitawa.

"Nauyin zai ragu," in ji likitar. "Ka riƙa karatu a fili kullum. Ka koma aikinka."

Ya ajiye jaridar. Ya sauko daga kujerar, ya durƙusa a gaban likitar, ta ce ya tashi. Ya juya ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, na gode. Kuma a yafe min, da na sani da ni na fara gaya muku da bakina."

"Tashi, ɗana." Baba ya kama kafaɗarsa, wadda ya danne ranar nan. "Ni na yanka ka, ka rufa min asiri a gaban mutane. Na yi shekara talatin ina ɗaukar mutane a mota, na san wanda ake tafiya mai nisa da shi. Uwarta ba ta yarda ba tukuna, wannan aikina ne. Ka bar ni da ita. In ka koma aiki, ka turo manyanka."

Yayar ta rangaɗa salati. Mai Labarai ya ɗago ya dubi Auta.

"Malama," ya ce, tsaf, ba tuntuɓe. "Kin ce in na warke in kore ki."

"Ina jira."

"Sai wani jiƙon."

Suka sauko bene suna dariya, har Baba. A ƙarƙashin bishiyar nan ya tsaya, ya laluba aljihu, ya fito da kwalin magani sabo fil.

"Na asibiti ya ƙare jiya," ya ce. "Mai Kemis ya aiko min da wannan kyauta, wai na murnar samun sauƙi. Mutumin nan yana da kirki, Malama. Ya kamata mu je mu yi masa godiya."

"Za mu je," in ji Auta. Yau ba ta da ƙorafi a kan kowa. Ta miƙa masa gorar ruwa.

Ya ɓallo ƙwaya ɗaya a tafin hannu.

"Kar ka sha!"

Wata mata ce doguwa, da baƙar jaka a hammata, tana haki kamar ta sha gudu. Ba wanda ya san ta a cikinsu. Ta zo ta tsaya a gabansu, ta dubi kwalin, ta dubi Auta.

"Ke ce malamar makarantar nan da ke zaune a layin Mai Kemis?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Shekara huɗu ina jera magani a ɗakin ajiya na bayan shagonsa, sai shekaranjiya ya sallame ni don na yi tambaya." Ta karɓi ƙwayar daga hannun Mai Labarai, ta murtsuke ta tsakanin yatsu biyu. Ta zube fari fat, kamar allin da Auta ke rubutu da shi a allo. "Wannan ba magani ba ne. Na ji kana gaya masa shekara biyar ciwon bai tashi ba, kuma bai tashi ba sai da ka fara saye a wurinsa. Ba ka taɓa tambayar kanka dalili ba?"

Baba ya matso, fuskarsa ta sauya. "Baiwar Allah, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani, Baba. Sauran shaidar tana cikin jakar nan. Amma ba a nan ba." Ta waiga bakin ƙofar asibitin, muryarta ta yi ƙasa. "Ya biyo ni."

Auta ta bi inda take kallo. Motar Mai Kemis ce take shigowa a hankali. A kujerar gaba, kusa da shi, Mama ce zaune.